Daɓen da Yake Amsa Ƙafa

Maƙwabciyata ta jiƙa ɓawon ɗorawa a wata tsohuwar randa bayan ɗakinta, wai za ta haɗa makuba ta shafe katangar da ruwan sama yake ci. Da iska ta juyo da warin ta tagata, sai na ajiye tsintar shinkafar da nake yi. Wanda bai tashi da makuba ba zai ce wari ne kawai, mai tsami, mai kama hanci. Ni kuwa da na shaƙe shi sai na ji tafin hannuna yana zafi, kamar yanzu na ajiye madaɓi.

Idan kun taɓa zuwa Salaga kuka bi ta bayan tsohuwar kasuwa, kun ga wani dogon gini mai fenti ruwan ƙwai, wanda ake haya don biki da suna. Yaran yanzu da sunan Turanci suke kiransa. Mu Gidan Rawa muka san shi, kuma ya girme ni, ya girmi mahaifina. Karatuna bai yi nisa ba, don haka ba zan iya ce muku a shekara kaza aka gina shi ba. Abin da na sani, rabi daga bakin kakata na ji shi, wadda ta haifi babana, rabi kuma da ƙafata na taka.

Kaka ta ce asalinsa masaukin fatake ne. Wani attajiri Bagwanje ne yake saukar da masu zuwa sayen goro daga arewa, in sun huta sun ci abinci sai a kira masu kalangu da masu goge su ɗebe musu kewar gida. Daga baya hanyar goro ta kauce wa garinmu, fatake suka daina zuwa, amma kiɗa bai daina ba. Samarin zango, unguwar Hausawa, suka kawo kiɗan gumbe. Bayansu aka kawo rawar simpa daga Yendi, 'yan mata suka haukace a kanta. Ɗan attajirin, wanda mu muka tarar ya tsufa muna ce masa Baba Mai Gida, shi ya ɗaga katanga, ya yi ƙofa guda ɗaya, ya gina dandamali a gabas da rumfar kwano a kansa. A kan wannan dandamali na fara ganin wasan kwaikwayo, na yaran makaranta, wani yaro ya shafa toka a kai wai shi tsoho ne. A jikin katangar yamma kuma na fara ganin majigi, na ruga na leƙa bayan katangar don in ga inda mutanen suke shiga.

Amma abin da yake taso da mutane daga Kpandai, har daga Yendi, ba dandamalin ba ne. Ƙasar filin ce. Idan ka tsaya a tsakiya ka buga diddige, sai ƙasa ta amsa maka da wata murya mai kauri, ka ji ta a ƙirjinka kafin ka ji ta a kunne. Mutum ɗaya in ya taka, kamar an taɓa ganga ne a nesa. 'Yan mata talatin in suka sauke ƙafa tare, makaɗa sukan ɗaga hannu su bar fili ya yi kiɗan da kansa.

Ina ƙarama na ɗauka aljanu ne a ƙasa. Nakan kwanta in manna kunnena da daɓen, in ce wa ƙanena ya yi tsalle. Ranar da Kaka ta kama ni a haka, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

“Tashi, sarkin tambaya. Tukwane ne.”

Tukwane ne manya, babu komai a cikinsu, an binne su a tsakiyar filin aka yi daɓe a kansu. Kaka ta ce mahaifiyarta ce ta binne su. Daga wajen Bawku aka kawo ta Salaga tana yarinya, ba da son ranta ba, kamar yadda aka kawo mutane da yawa a wancan zamani. A gidan attajirin ta girma, ta iya ginin tukunya tun daga garinsu, kuma ita ta ce a bar ta ta gyara filin da ake rawa. Ba ta bar zane ba, ba ta bar ɗan kunne ba, ko kabarinta Kaka ba ta iya nunawa daidai. Filin nan kaɗai ta bari.

Akwai wani tsohon makaɗi mutumin Yendi, abokin wasan Kaka, wanda bai taɓa yarda da wannan labari ba. Hausarsa irin ta zango ce, kowa “kai” ne a wurinsa, in zai ce “sosai” kuma sai ya ce “paa”.

“Tsohuwa, kai ka cika ƙarya paa,” in ji shi. “Babana ne ya ji ƙasa yana magana, shi ya ce a sa tukunya.”

“Babanka da bai iya bambanta tukunya da ƙoƙon kansa ba?”

Har suka mutu ba su daidaita ba, ni kuma har yau ina son in san gaskiyar. Amma na lura da abu ɗaya. Duk lokacin da makaɗin zai shiga filin, sai ya gaishe da Kaka tukuna.

Daɓe ba ya dawwama. Damina tana cinsa, ƙafa tana cinsa. Saboda haka kowace shekara, in ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara ja, Kaka takan zaga gidajen zango ta ce wa mata lokaci ya yi. A kwaso jar tsakuwa daga bakin rafi, a tankaɗe, a shimfiɗa, a yayyafa ruwa. Sai mu jeru a durƙushe, kowace da madaɓinta na itace, mu riƙa bugawa tare muna waƙa, muna matsawa gaba kaɗan kaɗan. A tsakiya, inda tukwanen suke, ba a barin yara. Kaka da tsofaffi ne suke bugun wurin, a hankali, tana karkata kai tana saurare bayan kowane bugu. In ya bushe sai a shafa makuba, a bari ta sha, a sake shafawa, har ƙasa ta yi duhu tana sheƙi kamar bayan ƙwarya tsohuwa. Hannunmu yakan yi kanta, farcenmu ya rine har Sallah.

Ba a biyanmu. Abin da muke da shi doka biyu ce, kuma Baba Mai Gida bai taɓa karya su ba. Matan da suka yi daɓe su ne suke fara rawa a kansa kafin kowa, ko wane ne ya zo. Kuma ba a hawa filin da takalmi. A bakin ƙofa za ka ga takalma sun taru tsibi, na malamin makaranta da na mai sayar da doya duk a haɗe.

Ina budurwa, na fara ɗaura ɗankwali gaba, sai ɗan Baba Mai Gida ya dawo daga Kumasi. Ya ga gidajen wasa na can, ya dawo da wando mai faɗin ƙafa da maganar siminti. Ya ce ya yi magana da wata ƙungiyar 'yan kansat, masu yawo gari gari da lori suna wasan kwaikwayo da kiɗan jita, za su zo Salaga. Ya ce ba zai kawo mutanen kurmi su ga ana rawa a kan ƙasa kamar ƙauye ba. Za a fasa daɓen, a zuba siminti.

Ba zan ɓoye muku ba, ni da sa'o'ina murna muka yi. Mun gaji da durƙuso, kuma kowace cikinmu tana da takalmin da take so a gani a ƙafarta.

Kaka ta yafa mayafi ta tafi gidan Baba Mai Gida, ta ce in riƙo mata tabarma. Ta gaishe da tsohon yadda ya kamata, suka tambayi juna gajiya da iyali, sannan ta juya ga ɗan.

“Yaro, na ji za ka rufe bakin uwata.”

“Kaka, ba haka ba ne. Zamani ne. Baƙin nan da takalmi suke wasa.”

“To ka bar ni in yi daɓen bana. In baƙin naka sun taka sun ce siminti suke so, ni da kaina zan ɗebo maka ruwan kwaɓi.”

Ɗan ya dubi ubansa. Tsohon yana ta ɓare goro bai ɗago kai ba, ya ce, “Ka ji abin da ta ce.”

Ban taɓa ganin daɓe irin na wannan shekara ba. Kaka ta hana a ɗebo tsakuwar kusa, ta tura mu can gaba inda ta fi ja. Ta sa aka sake tankaɗe wadda muka riga muka tankaɗe. Tsofaffin da suka daina fitowa saboda ciwon gwiwa suka fito, wata ma a kan kujera 'yar tsugunne take bugu. Mu 'yan mata muna yi muna gunaguni, tana jinmu. Sau ɗaya kawai ta ce mini, “Ke, madaɓi ba muciya ba ne, sake wuyan hannunki.” Da aka gama shafa makuba ta ƙarshe, ta kwana biyu tana zama a bakin ƙofa da sanda, tana korar awaki da yara.

Lorin 'yan kansat ya iso da hantsi, an zana hotuna a jikinsa, yara suna binsa da ihu. Da la'asar suka shigo Gidan Rawa don su gwada wasansu. A lokacin maza ne suke fitowa a matsayin mata a irin wannan wasa, mu kuwa ba mu sani ba. Sai ga wata doguwar mace ta sauko daga dandamali, da gashin kanti, da jan baki, da takalmi mai tsini kamar ƙusa, ta nufi tsakiyar fili. Kaka ta miƙa sandarta ta tare hanya.

“'Yata, cire takalmi.”

Matar ta buɗe baki, sai muryar gardi ta fito. “Maame, yaya?” Haka mutanen kurmi suke kiran uwa.

Kaka ta ja baya, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ga gashin ƙafa. Mu muna bayan katanga muna toshe baki.

“To, ke ce ko kai ne, duk ɗaya. Cire.”

Ashe shi ne shugaban ƙungiyar. Ɗan Baba Mai Gida ya rugo yana ba shi haƙuri da Turanci, amma mutumin ya yi dariya, ya sunkuya ya cire takalman ya riƙe a hannu. Ya taka ɗaya, ya taka biyu. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya cak. Ya buga diddige. Ƙasa ta amsa. Ya sake bugawa, ya dubi ƙafarsa, ya dubi Kaka. Sai ya jefar da takalman, ya tattare zanensa, ya shiga taka wata rawa ta mutanen kurmi, yana kiran 'yan uwansa da yarensu su zo su ji. Duk suka sauko suna cire takalma. Makaɗin Yendi, da yake zaune a inuwa, ya jawo gangarsa ya bi su.

Da shugaban ƙungiyar ya gaji ya zo ya durƙusa gaban Kaka, gumi ya wanke jan bakin. “Maame, wannan ƙasa yana da kyau paa. Siminti? Kai, a'a. Siminti ba ya magana.”

Kaka dai ta juya ta dubi ɗan Baba Mai Gida, ta gyara mayafinta. A hanyar gida ta saya mini ƙosai, abin da ba ta saba ba.

Bayan sallar isha gari ya taru. Ban taɓa ganin takalma da yawa a bakin ƙofar nan kamar ranar ba. Bisa al'ada, mu matan daɓe muka fara shiga fili, Kaka a gaba, ta ɗaura zanen saƙi da ba ta fito da shi sai ranar Sallah. 'Yan kansat suka ce za su girmama mu, za su yi mana kiɗa da kayansu. Wani ya zaga bayan katanga ya tayar da injin wuta. Fitilu suka kama, mutane suka yi shewa. Sai manyan akwatunan magana guda biyu da suka kafa a gefen dandamali suka buɗe baki.

Mun taka. Ina kusa da Kaka, na ga ta ɗaga ƙafa ta sauke a daidai wurin da ta fi sani. Na ji motsin a tafin ƙafata, amma kunnena bai ji komai ba sai jita da rurin inji. Ta sake saukewa da ƙarfi. Ta karkata kai yadda take yi in tana daɓe. Mutane suna tafi, suna murna, kowa idonsa yana kan dandamali da fitilu. Babu wanda ya san an rasa wani abu. Ni ma, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji, ban taɓa jin kiɗa ya cika mini jiki haka ba. Kaka ta ƙarasa zagayenta, don ba ta barin rawa a tsakiya, sannan ta fita ta nemi takalmanta a cikin tsibin nan, ta tafi gida ita kaɗai.

Ɗan Baba Mai Gida ya cika alkawari, bai fasa daɓen ba. Amma kafin damina ya sayo nasa injin da nasa akwatunan, domin bayan 'yan kansat babu mai son rawa da ganga kaɗai. Makaɗin Yendi ya koma bin gidajen suna.

Da ruwa ya ɗauke a shekara ta gaba, tsofaffin zango suka jira Kaka ta zago. Ba ta zago ba. Suka aiko ni in tambaye ta. Na same ta tana kaɗa auduga a ƙofar ɗaki.

“Kaka, wai yaushe za a ɗebo tsakuwa?”

“Wa zai ji?”

Ta ci gaba da kaɗa audugarta, sannan ta ƙara da cewa:

“Je ki gaya wa yaron nan ya zuba simintinsa. Amma kada ya tona. A kai zai zuba.”

Ni na kai saƙon, kuma da gudu na kai shi. Ranar da magina suka zo, ta sa aka kai mata kujera bakin fili. Ta ɗebo bokitin ruwa guda ta ajiye musu kamar yadda ta faɗa, ko da yake ita ta ci gardamar. Ta zauna tun safe har suka shafe kusurwar ƙarshe, ba ta bar kowa ya sa diga a ƙasa ba. Bayan wannan ba ta sake shiga Gidan Rawa ba, ko da bikina da aka yi a can. A gida ta sa mini albarka.

Akwai abubuwan da nake so in sani yanzu, waɗanda a lokacin tambaya ɗaya ta isa. Yaya zurfin ramin? Da me ake rufe bakin tukunya don kada ƙasa ta cika ta? Me Kaka take saurare in ta karkata kai? Ni da ake kira sarkin tambaya, a kan wannan ban tambaya ba, hankalina yana kan takalmi. Waƙoƙin daɓe suna nan a bakina, wuyan hannuna bai manta bugu ba, amma abin da yake ƙasa ya tafi da masu shi.

Gidan ya ga abubuwa bayan haka. 'Yan kansat sun yi zamaninsu sun wuce. An yi shekaru ana nuna bidiyo a ciki, an taɓa mayar da shi wurin ajiye doya, sannan jikokin Baba Mai Gida suka yi masa rufi, suka shimfiɗa tayil a kan simintin. Na tambayi wanda ya sa tayil ɗin ko ya tona, ya ce a'a, a kai ya ɗora. Ke nan tukwanen suna nan.

Watan jiya aka yi bikin jikata a can, da rana tsaka. Aka zaunar da ni can gefe tare da tsofaffi, kusa da fanka. 'Yan mata sun cika fili, sun fi mu yawa a zamaninmu, sun kuma iya rawa, kada wani ya ce muku ba su iya ba. Ana cikin haka sai aka ɗauke wuta. Akwatunan suka yi shiru, fanka ta tsaya. Na ce yau zan sani, ko murya tana iya ratsa siminti da tayil. Ƙafa ɗaya nake jira, a tsakiya.

Babu wadda ta taka. Duk suka tsaya cak inda suke, suna fifita da hannu, suna duban mai kiɗa, suna jira. Na ce wa ta kusa da ni, “Miƙo mini sandata, maza.” Ta ɗauka fita zan yi, ta tsaya neman mayafina. Kafin in miƙe, in daidaita gwiwa, wuta ta dawo.

Akwai wani bikin bayan Sallah, na jikar ƙanena. Na riga na gaya musu kada a kai ni wajen fanka. A sa mini kujera a bakin fili, sandata a hannuna.